Ruwan Shanmu Yana Ƙarƙashin Bola

Duk garin da aka gina da ƙasa yana da ramukansa. Inda aka ɗebi ƙasar tubali da ta yaɓe, nan kududdufi yake zama, kuma haka abin yake daga Miga zuwa Hantsu, Zareku, Sansani, Koya da Tsakuwawa, haka yake a Jahun da Kiyawa. A da kududdufi yana da aikinsa: ya tare ruwan sama kada ya ci gidaje, dabbobi su sha, magina su kwaɓa ƙasa da rani. Tun da bulo da siminti suka fara karɓe gini, sai ya koma wurin da kowa yake kai shara. In ramin ya cika a daddale shi, a yanka fuloti, a sayar. Mutane suna ganin riba biyu aka ci, an rabu da shara an kuma samu fili.

Ni ɗan Miga ne, kuma abincina a haƙar rijiya yake. Ina bin masu injin burtsatse ina duba irin ƙasar da ke fitowa daga rami, in nuna musu inda za a sa bututu mai tsaga da inda za a toshe da siminti. Wannan aiki ya sa in na wuce bola, kafin wari ko ƙudaje su dame ni, tambaya ɗaya ce take zo mini: mita nawa ne daga gindin ramin nan zuwa ruwan da unguwar nan take sha? A wurare da yawa na ƙasarmu, amsar ba ta da daɗin ji.

Ƙasar da muke takawa

Jihar Jigawa iri biyu ce a ƙarƙashi. Kudu da yamma, wajen Dutse, Birnin Kudu, Gwaram da Kazaure, tsohon dutse ne mai tauri a kwance, irin wanda ya ɓullo sama ya zama duwatsun da suka kewaye birnin Dutse. A can ruwa ba ya samun mazauni sai cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama, da tsage-tsagen da ke cikin mai taurin. Shi ya sa a Dutse za a haƙa burtsatse nan a samu ruwa, a matsa kaɗan a haƙa wata a tashi a tutar babu.

Da ka nufo arewa maso gabas, wajen Miga, Kafin Hausa, Auyo da Haɗejiya, sai dutsen ya nutse can ƙasa. A samansa akwai shimfiɗu na yashi da rairayi da laka da yumɓu, waɗanda ruwa da iska suka daɗe suna jibgewa a babban kwarin da ya gangara Tafkin Chadi. Masana ƙasa suna kiran su shimfiɗun Chadi. A fuskar ƙasa kuma jigayi ne, da fadamu a tsakaninsu. Mutane da yawa suna zaton kogi ne yake gudu a ƙarƙashinmu. Jiƙaƙƙen yashi ne kawai, ruwan yana zaune a ’yan kafofin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya, yana matsawa a hankali.

Abu biyu ne suke cika wannan yashi. Na farko ruwan damina. Na biyu Kogin Haɗejiya, wanda ya samo asali daga haɗuwar Kogin Kano da na Challawa: yana tafe a kan dutse har wajen Wudil, daga nan ya hau yashi ya fara zubar da ruwansa cikin ƙasa. Manomin rani ya fi kowa sanin amfanin wannan. Da bututun roba da ɗan injin ban-ruwa, a wuni ɗaya ake huda rijiyar fadama a samu ruwa a mita ƙalilan. Ni’ima ce babba, amma ƙasar da take karɓar ruwan kirki cikin sauƙi, da wannan sauƙin take karɓar na banza.

Kawuna, Allah Ya ji ƙansa, mahaƙin rijiya ne na hannu, da diga da guga da igiya, kuma da gaba yake auna zurfi. Muna yara muna tsayawa bakin rami muna kallon yadda ƙasar da ake jawowa take sauya kama: baƙar ƙasa ta sama, sai jan rairayi, sai wani yumɓu mai danƙo da ke kama bakin diga, sannan farin yashi mai sanyi, alamar ruwa ya kusa. In ya iso yumɓun nan yakan gutsura, ya jiƙa da yawu, ya murza a tafin hannu. In ya miƙe ya yi siriri bai karye ba, sai ka ga fuskarsa ta saki. Na taɓa tambayarsa:

“Kawu, me ya sa kake murna da ƙasar da ta fi ba ka wahala?”

Ya ce, “Ɗana, wannan shi ne murfin rijiya. Wadda ba ta ratsa yumɓu ba, ruwan kwata take sha.”

Karatun da na yi daga baya bai ƙara komai a kan wannan magana ba sai lissafi. A cikin yashi mai gautsi ruwa yana iya nutsawa mitoci a wuni guda. A cikin yumɓu mai kyau da aka daddale, tafiyarsa ba ta wuce santimita 3 ko makamancin haka a shekara. To, a duba yadda kududdufi yake samuwa. Magini ba ya haƙa rairayi, ƙasa mai danƙo yake nema, kuma ba ya barin ramin sai ta ƙare ya taras da yashi. Ma’ana, kududdufi shi ne wurin da muka cire murfin da hannunmu. Taɓon da ya kwanta a gindinsa yana sa ya riƙe ruwa na wasu watanni, amma a hankali ƙasa take tsotsewa. Duk faɗin gari, nan ne wurin da ya fi kusa da ruwan sha, kuma nan muka zaɓa wa shara.

Yadda bola take tatsar kanta

Duk wanda ya tashi a karkara ya ga yadda mata suke haɗa ruwan toka. A zuba tokar kara a tukunya mai huji, a kwarara ruwa a sama, a tara ƙwarya a ƙasa. Ruwan da ya shiga fari tas, in ya ɗigo sai ka gan shi ja, mai zafi a harshe, domin ya kwaso duk abin da ke narkewa a cikin tokar. Haka bola take. Ruwan sama shi ne wanda ake kwararawa, shara ita ce tokar, ƙwaryar da ke tare a ƙasa kuwa ita ce yashin da rijiyoyinmu suke sha daga ciki.

Mu yi ɗan lissafi. A ce bola mai tsawon mita 50 da faɗin mita 50, a shekarar da aka samu ruwan sama milimita 700, wanda ba baƙon abu ba ne a tsakiyar Jigawa. Ruwan da zai sauka a kanta ya kai lita 1,750,000, wato jarka mai lita 25 guda 70,000. Rana za ta shanye wani, wani zai gangare, amma sauran ƙasa zai yi. Ba a ma sa ruwan kwatocin unguwa ba, waɗanda galibi cikin ramin suke ƙarewa.

Abin da wannan ruwa yake ɗauke da shi yana sauyawa da shekarun bolar. Sabuwar shara in ta fara ruɓewa tsami take yi, kuma tsamin nan shi ne yake narkar da ƙarafa daga gwangwani da batura da wayoyin lantarki. In ta kwana biyu, iska ta daina shiga cikinta, sai tsamin ya ragu, ta koma fitar da iskar gas mai kama wuta, wadda take sa wata bolar ta yi ta cin wuta a ciki makonni ba a ga mai kunna ta ba. Ruwanta kuma ya cika da gishiri da sinadarin amoniya, wanda in ya shiga yashi mai iska yake rikiɗa ya zama naitiret. Ga kuma ƙwayoyin cuta daga kashin yara, da mushe, da ƙunzugun zamani da ake kira famfas.

Ƙasa tana ƙoƙarinta. Yawancin ƙwayoyin cuta suna maƙalewa ko su mutu a hanya in tafiyar ta yi tsawo, kuma dalma da danginta suna son manne wa yumɓu da baƙar ƙasa. Amma gishiri da naitiret ba su manne wa komai, tare suke tafiya da ruwa duk inda ya nufa. Kuma inda ruwan ƙasa ya nufa ba dole ne ya zama inda gangaren sama ya nufa ba. In yana matsawa santimita 10 kacal a rana, a shekara ya ci mita 36, a shekara uku ya isa rijiyar da ke mita 100 daga bolar. Burtsatse mai injin da ke zuƙa safe da yamma tana ƙara janyo shi wajenta. Wannan jinkiri shi ne yake ruɗar mutane. Ranar da ruwan rijiya ya fara zartsi, babu wanda zai tuna da sharar da aka binne shekarun baya, wataƙila ma an riga an gina gida a kanta. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Sharar jiya da ta yau

Wani zai ce ai iyaye da kakanni sun zauna da juji a bayan gida, ba abin da ya same su. Mai wannan magana ya je bakin tsohuwar bola da bazara, lokacin da manoma suke sarar ta suna loda wa amalanke da mangalar jaki don kai taki gona. Inda aka sare, bolar takan tsaya kamu-kamu, ana ganin shekarunta a jere. Can ƙasa baƙar ƙasa ce mai laushi, toka da kashin awaki da ƙaiƙayi da tsingaro, in ka damƙa sai ta marmashe, ba wari. Wannan taki ne na gaske, irin wanda manoman kewayen Kano suka daɗe suna ɗauka daga cikin birni suna raya gonakinsu da shi. Daga tsakiya zuwa sama kuwa sai ka ga baƙar leda ta yi saƙa, da ledar fiya wata, da baturan rediyo da suka fashe suna zubar da baƙin gari, da robobin maganin feshi na shinkafa da riɗi, da sirinji da kwalaben allura, da matattun fitilun caji, da ɓaragurbin wayoyin hannu.

Waɗannan na sama su ne baƙin da ƙasarmu ba ta san yadda za ta yi da su ba. Da yawa daga cikin fitilun caji masu araha ɗan batirin dalma ne a cikinsu, irin na babur da na sola, sai dai ƙarami. In aka banka wa bola wuta don a rage tulinta, leda ta tashi ta zama hayaƙi mai guba, ƙarafan kuma su taru a cikin tokar, su fi sauƙin bin ruwa da iska. Tunda dalma tana manne wa ƙasar sama, takin da aka kwasa yana iya kai ta lambun alayyafo da latas, yaran da ke tonon bola kuma su kai ta baki da hannunsu.

Arewa ta riga ta ga abin da dalma take yi a cikin ƙasa. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Can daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, kuma yawanta ya fi na kowace bola nesa ba kusa ba. Amma darasin ɗaya ne: dalma ba ta ruɓewa. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje, aka kwashe, aka zubo sabuwa, kuma garin Bagega bai samu wannan aiki ba sai 2013.

Abin da ido da harshe ba su kamawa

Duk wanda ya yi karatun Ishmawi ko Risala ya san siffofi uku da ake duba ruwa da su: launi, ɗanɗano da ƙamshi. Wannan ma’auni ne na tsarki don ibada, kuma yana nan daram a muhallinsa. Kuskuren da muke yi shi ne ɗaukarsa ma’aunin lafiyar sha. Dalma da naitiret da ƙwayar kwalara duk suna iya zama a cikin ruwa garai-garai, mai sanyi, mai daɗi a baki.

Ƙa’idar ruwan sha ta Nijeriya, wadda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015, ta yi daidai da ta Hukumar Lafiya ta Duniya a nan: naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita, dalma kada ta wuce miligiram 0.01, ƙwayar E. coli kuwa, wadda ke nuna bayan gida ya taɓa ruwa, kada a samu ko ɗaya a mililita 100. Naitiret ya fi yi wa jarirai ’yan ƙasa da wata 6 illa, domin yana hana jininsu ɗaukar iska, har leɓɓansu su yi shuɗi. Dalma kuma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa, ya tashi ba ya gane karatu, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire waɗannan biyun, sai ma ya ƙara musu kauri tunda ruwan ne yake ƙonewa. Alif da ’ya’yan zogale suna kwantar da laka, ruwa ya yi haske, amma naitiret yana nan.

A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Jigawa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki tare da Bauchi da Kano. A watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a ƙasar nan da ta rabu da yin bayan gida a fili. Abin alfahari ne. Sai dai kowane sabon masai rami ne, kuma yana da ƙa’idarsa: ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30, gindinsa kuma ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa da damina. In masai ya cika aka yashe shi aka kai kayan bola, an mayar da hannun agogo baya.

In ambaliya ta zo

Duk wannan bayani na shekarar da ruwa ya zauna lafiya ne. Mutanen Miga kuwa sun san ambaliya, sun gan ta a 2012, da 2018, da 2020, da 2022. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin ya daina ƙafewa da rani yadda ya saba, ciyawar kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya cike su, ruwa kuma ya riƙa neman hanya ta cikin gonaki da garuruwa.

In haka ta faru, ruwan ƙasa yana tasowa har ya haɗu da gindin bola. ’Yar tazarar busasshen yashin da take tace ƙazanta ta ɓace ke nan, shara tana jiƙe tsamo-tsamo a cikin ruwan da ake sha. Ta sama kuma ambaliyar ta kwashi bola da masai ta zuba a rijiyoyin da ba su da katanga. Ko famfon tuƙa-tuƙa bai tsira ba in daɓen simintinsa ya tsage, ko in mai haƙar ya yi ƙwauron siminti bai toshe gefen bututun ba, domin ruwan sama zai bi jikin bututun ya gangara kai tsaye. Na sha ganin burtsatse mai zurfi tana ba da ruwa mai ƙwayoyin cuta saboda buhun siminti biyu da aka ƙi sayowa.

Waɗanda suka riga mu

Kano ta bi wannan hanya tun kafin mu. Manyan bololinta, irin na Court Road da na Mai Malari a Bompai, ramuka ne da aka yi ta cikawa, gari ya zo ya kewaye su, maƙwabtansu kuma da rijiya da burtsatse suke rayuwa. Kududdufan cikin birni da aka cike aka gina gidaje a kai, ruwan da suke tarewa a da yanzu cikin ɗakunan mutane yake kwana. Ginin da aka ɗora a kan shara kuma ba ya rabuwa da tsagewa, domin sharar tana ci gaba da ruɓewa tana zama shekara da shekaru. Dutse, wadda ta zama babban birnin jiha a 1991, tana faɗaɗa ta kowace kusurwa, kuma haɗarinta ya bambanta da namu: ruwan bola in ya samu tsagar dutse, gudu yake yi babu abin da zai tace shi.

Ƙasashen da suka ci gaba ma da wuya suka koya. A garin Niagara Falls na Jihar New York a Amurka, kamfanin Hooker Chemical ya zuba sharar sinadarai kimanin tan 21,000 a wani tsohon rami da ake kira Love Canal, daga 1942 zuwa farkon shekarun 1950. Aka rufe da ƙasa, a 1953 aka sayar wa hukumar makarantu filin a kan dala ɗaya. Aka gina makaranta, aka gina gidaje. Bayan shekara ashirin da ’yan kai, ruwan sama da ƙanƙara suka yi yawa, ruwan ƙasa ya taso, guba ta fara ɓullowa a cikin gidaje da filin wasan yara. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci, aka kwashe ɗaruruwan iyalai, a 1980 kuma aka kafa dokar tsabtace irin waɗannan wurare. Rami, shara, rufewa, fuloti, ambaliya: jerin bai bambanta da namu ba, ƙarfin gubar ne ya bambanta.

Daga irin wannan wahala aka fito da tsarin binne shara na zamani. Ana zaɓen wuri mai tudu, nesa da kogi da rijiyoyi. A shimfiɗa yumɓu mai kaurin santimita 60 zuwa mita ɗaya a daddale, a ɗora shimfiɗar roba mai kaurin milimita ɗaya da rabi zuwa biyu, a sa tsakuwa da bututun da za su tattara ruwan bolar a kai shi inda za a sarrafa. Kullum a rufe sharar ranar da ƙasa. A haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji a kewaye, a riƙa auna ruwansu. A Amurka doka ta ce a ci gaba da wannan sa-ido shekara 30 bayan an rufe wurin.

Abin da ke hannunmu

Babu mai cewa ƙaramar hukumar Miga za ta iya irin wannan gini gobe. Amma rabin tsarin zaɓen wuri ne, kuma zaɓen wuri ba ya cin kuɗi. Garuruwanmu ba su kai girman da za a ce an makara ba, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na farko, a daina zuba shara a kududdufi da bakin fadama. Dagaci da masu unguwa su zauna da mahaƙa rijiya na garin, waɗanda suka san inda yumɓu yake da kauri da inda ambaliya ba ta kaiwa, a keɓe wuri a can. A daddale gindinsa da yumɓu, a yi masa ’yar ganuwa don kada ruwan gangare ya shiga.

Na biyu, a raba shara tun daga gida. Toka da kashin dabbobi da ɓawon kayan miya su tafi ramin taki, sun ma fi amfani a can. Ƙarfe da roba akwai ’yan bola-jari masu saye. Batura da matattun fitilun caji a tara su a tsohuwar jarka a rufe, kada su taɓa wuta, kada su shiga taki. Robar maganin feshi a ɗauraye ta sau uku a zuba ruwan a cikin injin feshin, a huda ta don kada wani ya zuba man gyaɗa ko ruwan sha. Sharar asibiti da ta kemis kuwa ba ta da hurumi a bolar unguwa.

Na uku, mai haƙa rijiya ko burtsatse ya tambayi tsofaffin unguwa abin da ke wurin a da. In tsohuwar bola ce, ko tana kusa, ya matsa. Ya tsaya a kan mai haƙar har ya ga an zuba simintin toshe gefen bututu, a yi daɓe mai gangara, rijiya kuma a yi mata katanga da murfi. Bayan kowace ambaliya a yashe ta a zuba sinadarin kulorin kafin a koma sha.

Na huɗu aikin hukuma ne da masana. Na’urar da ake kafa ƙarafa a ƙasa a tura lantarki don neman ruwa kafin haƙar burtsatse, ita ce dai take nuna inda ruwan bola ya bi, domin gishirinsa yana sa lantarki ya ratsa shi cikin sauƙi. Jami’ar Tarayya ta Dutse, da aka kafa a 2011, da Jami’ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da aka kafa a 2013, duk maƙwabtanmu ne, kuma kowace shekara ɗalibansu suna neman abin da za su yi bincike a kai. Hukumar kare muhalli ta jiha, JISEPA, da hukumar ruwan sha ta karkara, RUWASA, da duba-garin ƙaramar hukuma za su iya haɗa hannu da su a auna ruwan rijiyoyin da ke kusa da bololi sau biyu a shekara, ƙarshen rani da ƙarshen damina, a kuma karanta wa mutane sakamakon da Hausa a masallaci da kasuwa. Limamai suna da abin faɗa a nan, domin hanin ƙazantar da mashayar jama’a sananne ne a addini.

Sharar da ke sama ana iya kwashe ta da tifa a wuni ɗaya. Ruwan ƙasa in ya gurɓace, babu tifar da za ta kwashe shi, sai dai a rufe rijiya a koma saye a hannun ’yan ga-ruwa. Don haka, mai karatu, ka fita yau ka ƙirga takun da ke tsakanin rijiyar da gidanka yake sha da bola mafi kusa. In bai kai taku hamsin ba, ko bolar a cikin kududdufi take, kada ka jira hukuma ta zo: ka samu mai unguwa da maƙwabta ku sauya wa sharar wuri tun kafin ruwan fari ya sauka.